Hannu Ya Riga Tunani: Lacca Kan Zane Marar Sura

 

Mai girma shugaban wannan zama, malamaina, iyayena maza da mata, ɗalibai, jama'ar Garwa da baƙin da suka taso daga Marwa da Gaundare, har da waɗanda suka ƙetaro daga Yola, barkanmu da yamma. Na san a garin nan Fillanci ne mai gida, Faransanci kuma shi ke riƙe da ofis. Amma tunda da Hausa aka nemi in yi magana, da ita zan yi. Wanda wata kalma ta wuce shi, ya taɓa na kusa da shi.

An ba ni batu mai santsi. Akwai wani irin zanen fenti da za ka tarar an rataye a bangon otal ko banki ko ofishin wani babba: ba mutum a ciki, ba doki, ba bishiya, sai launi bisa launi, layuka sun sarƙe, wani wurin kamar an yi ɓarin fenti an manta ba a goge ba. Mutuminmu zai tsaya gabansa, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya ce, "To, wannan kuma hoton mene ne?" In ka gaya masa nawa aka saye shi, sai ya riƙe baki ya ce, "Ai ko ɗan autana zai yi wanda ya fi wannan." Masu kare irin wannan zane suna da amsar da suka daɗe suna bayarwa. Wai hoton abin da ke kwance can ƙasan zuciya ne, abin da shi kansa mai zuciyar bai san yana nan ba. Wannan amsar nake so mu jujjuya yau. A ganina rabinta gaskiya ce, rabin kuma an zuba mata gishiri, kuma mu mutanen wannan yanki mun fi mutanen Faris kayan aikin raba biyun.

A 1839 aka bayyana dabarar ɗaukar hoto a Faransa. Kafin nan, attajirin da ke son jikokinsa su san kamanninsa mai zane yake kira, ya zauna masa kwana da kwanaki. Kyamara ta zo ta fara karɓe wannan ciniki, masu zane suka shiga tambayar kansu abin da fenti zai iya wanda ita ba za ta iya ba. Wani mai zane ɗan Rasha mazaunin Munik, Wassily Kandinsky, ya ba da labarin cewa wata rana da magariba ya shigo ɗakin aikinsa, ya hangi wani zane mai tsananin kyau jingine da bango, bai gane komai a cikinsa ba sai launi da siffofi. Da ya matso, ashe nasa ne, an jingine shi a karkace. Daga nan ya yanke cewa surar abin da yake zanawa ita ke tare wa launi hanya, kuma a ƙarshen 1911 ya fitar da littafi yana kare wannan ra'ayi. Amma wata mata 'yar Suwidin, Hilma af Klint, ta riga shi. Tun 1906 take yin zane marar sura, wasu tsayinsu ya haura mita 3, tana cewa wasu ruhohi ne ke jan hannunta. Da a unguwar Haoussaré ta faɗi haka, da tuni an ce iska ce, a nemo mai magani. Ita ma ta san zamaninta ba zai karɓa ba: ta rasu a 1944, ta bar wasiyya kada a nuna ayyukan sai bayan shekara 20.

A daidai wannan zamanin wani likita a Biyana, Sigmund Freud, ya fitar da littafinsa kan mafarki, mai ɗauke da shekarar 1900. Abin da ya kafa shi ne: mutum ba shi da cikakken iko a gidan zuciyarsa. Akwai buri da tsoro da tsohon ciwo da ya danne, suna nan ba su mutu ba, kuma suna samun kafar fita ta mafarki, ta suɓutar baki, ta mantuwar da ba ta da dalili. Turai ta girgiza. Mu kuwa da muka yi zaman zaure, wannan ba baƙon zance ba ne gaba ɗaya. Hadisi ya kasa mafarki gida uku: na bushara daga Allah, na firgitarwa daga Shaiɗan, da wanda zancen zuci ne kawai, abin da rai ya wuni yana saƙawa. Wannan na ukun shi ne gonar da Freud ya yi ta noma. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a littafinsa Ihya'u kan tunane-tunanen da ke faɗowa zuciya ba tare da an kira su ba, ya raba ilhama da waswasi. Ko ba littafi ma, mun san abin a tsakar gida. A zaunar da yarinya gaban baffanninta a tambaye ta ko tana son wane. Bakinta ba zai buɗe ba, kanta a sunkuye, amma ku dubi hannunta: ta tsinci ɗan tsinke tana ta zane a ƙasa, zobe cikin zobe, ta share ta sake. Ba ta san tana yi ba. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Mai kunya kan iya tsare fuskarta, hannun ne ba ta tuna da shi.

Wannan hannun da aka manta da shi wasu matasa a Faris suka ce za su mayar sana'a. Jagoransu André Breton ya yi aiki a asibitin sojojin da yaƙin duniya na farko ya taɓa wa hankali, can ya san ra'ayin Freud, kuma a 1924 ya fitar da sanarwar ƙungiyarsu ta Suriyalis. Dabararsu ita ce a saki hannu ya yi gudu, kada a ba hankali damar tsoma baki. Abokinsa André Masson yakan ɗora alƙalami a takarda ya bar shi ya yi ta yawo, sai daga baya ya duba ya ga abin da ya fito. Me ya fito? Wuƙaƙe, kifaye suna cin juna, gaɓoɓin mutane a warwatse. Masson ya ji mummunan rauni a fagen daga a 1917. Ba sai an kira mai duba ba.

Af, tunda na ambaci mai duba. Wanda ya taɓa ganin bugun ƙasa ya san yadda ake yi: a baje rairayi, a dangwala ɗigo-ɗigo a jere da sauri, ba ƙirge, sannan a dawo ana soke su bibbiyu a ga ko ɗaya ya rage ko biyu, daga nan a haɗa gidaje 16. Sharaɗin aikin shi ne hannu ya riga lissafi. Ba tallar bugun ƙasa nake yi ba, hukuncinsa a wurin malamai sananne ne. Abin lura kawai, dabarar da Breton ya ɗauka sabuwa fil ta tsufa a rairayin Sahara. Bambancin, mai bugun ƙasa yana cewa amsar daga gaibu take, Breton yana cewa daga cikin mutum take.

Wanda ya kai wannan hanya ƙarshenta Ba'amurke ne, Jackson Pollock. Mutum ne da giya ta wahalar, har a 1939 ya fara ganin wani likita mabiyin masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung, yana kai masa zane-zanensa suna tattaunawa a kai. Daga 1947 zuwa 1950, a wani tsohon rumbu a bayan birnin New York, ya daina jingine ƙyalle a tsaye. Sai ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya ɗauki gwangwanin fenti irin na shafen gida da ɗan sanda, yana kewaya ƙyallen, yana tsiyayawa, yana yarfawa, wani lokaci har ya taka ciki. Duniya ta ce ga zuciya tsirara a kan ƙyalle. Amma ku bi sawunsa baya kaɗan. A 1936 ya yi aiki a ɗakin gwajin David Siqueiros, mai zanen bango ɗan Meziko, inda ake gwada zuba fenti mai ruwa-ruwa. A 1941 ya kalli 'yan ƙabilar Nabaho suna zane da rairayi mai launi a ƙasa, a wani baje koli a New York. Abin da ya fito daga hannunsa a 1947 ya shiga ta idonsa shekaru kafin nan. Shi da kansa bai yarda a ce aikinsa dace ba ne. Da mujallar Time ta kira zanensa hargitsi a 1950, telegiram ya aika musu a fusace yana ƙaryatawa, kuma ya sha faɗin cewa shi ke sarrafa zubar fentin.

Batun ɗan auta kuwa, an gwada. A 2011 wasu masu bincike biyu a Boston, Angelina Hawley-Dolan da Ellen Winner, sun jera zanen ƙwararru kusa da na yara ƙanana da birai da giwaye, bibbiyu, suka ce mutane su zaɓi wanda ya fi. Fiye da sau 6 cikin 10 na ƙwararrun aka zaɓa, kuma su ne suka rinjaya har a inda aka sauya sunaye da gangan don a ruɗi masu zaɓen. Wato ido yana shinshino niyya ko da ba sura. Amma masu zane kada ku yi saurin tafi: sauran zagayen ɗan auta da biri ne suka cinye.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya tashi a ƙasar Adamawa, ko ta wannan gefen iyaka ko ta wancan, ya san ƙwarya mai zane. Ku tuno yadda ake yin ta. Mace ta zauna a inuwa, ƙafa a miƙe, kaskon garwashi a gefe, ta cusa 'yan wuƙaƙe biyu ko uku a wuta, in ɗaya ta huce ta mayar ta zaro wata. Ƙwaryar tana kife a cinyarta. Ba ta da ma'auni, ba ta fara zanawa da fensir ba. Da ido take raba bayan ƙwaryar gida huɗu, ta ja layin farko, hayaƙi siriri ya tashi da ƙaurin ƙuna. Hannun hagu yana juya ƙwaryar, na dama yana tafiya. Duk wannan tana hira da maƙwabciya kan tsadar gero, tana tsawata wa yaro kada ya kusanci wuta, goyo yana barci a baya. Ta kewayo, layin ƙarshe ya haɗu da na farko cif, kamar an auna. Ka tambaye ta sunan wannan zanen, za ta gaya maka. Ka tambaye ta me yake nufi, sai ta dube ka ta yi dariya, ta ce haka ta ga innarta tana yi, kuma ya yi kyau. Wani Bature, T. J. H. Chappel, ya yi aikin tattara irin waɗannan ƙore a yankin Yola, ya fitar da littafi a kansu a 1977. Abin da muke zuba nono a ciki, wasu sun ga ya isa a yi masa littafi.

To, wa ya yi zanen nan? Hankalinta yana kan farashin gero. Abin da ya faru irin na gardi ne da ya yi hadda: yana tilawa harshe na gudu, zuciyarsa ta je kasuwa ta dawo bai yi tuntuɓe ba. Ka tsayar da shi tsakiyar aya ka ce me ke biye, sai ya koma baya ya taho da gudu kafin ya kamo. Karatun ya sauka ƙasa da inda tunani ke kaiwa. Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe daga laccar nan. Lalle akwai wani sashe na mutum da ke aiki ba da saninsa ba, kuma lalle yana fitowa a zane. Amma wannan sashen ba fanko aka haife shi da zane a ciki ba. Cika shi aka yi, da abin da ido ya gani tun ana goye, da abin da hannu ya maimaita sau dubu, da abin da ya ba mutum tsoro bai gaya wa kowa ba.

Idonmu kuwa an cika shi da zane marar sura tun kafin mu yi wayo. Babbar riga mai aska takwas, da tambarinta a ƙirji da baya, wadda wani malami ke zanawa da alƙalami da tawada kafin mai ɗinki ya bi da allura. Dagi a goshin soro. Allon zayyana ranar sauka, da ja da rawaya da kore. Alamomin hizifi da sumuni da sujada a gefen Alƙur'ani rubutun hannu, kowane marubuci da irin tasa ƙawar. Lallen amarya. Fatun dukawan Marwa. Ɗakunan Musgum na bakin kogin Logon, masu tudun zane daga ƙasa har ƙololuwa, wanda ado ne, matakala ce ta mai yaɓe, kuma hanyar ruwan sama ce. Mutumin da ke sanye da aska takwas, yana tsaye gaban zanen otal yana tambayar hoton mene ne, bai taɓa tambayar rigarsa haka ba.

Kada dai mu yi wa kanmu daɗin baki, mu ce ashe Pollock ƙwarya yake kwaikwayo. Akwai bambanci na gaske. Mai ƙwarya da mai zayyana suna tafiya ne cikin layin da aka gada, gwanintarsu ita ce su cika shi, in sun saka nasu su saka a ɓoye, a ɗan lanƙwasa nan, a ƙara ɗigo can. Tarbiyyar da ta haife su, kunyar Bahaushe da pulaaku na Bafillace, ba ta yarda mutum ya baje cikinsa a kasuwa ba. Mai zanen zamani kuwa an ce masa cikin nasa shi ne hajar. Wannan sabon abu ne a wurinmu, kuma ina jin shi ne ainihin abin da ke sa mutanenmu ɗari-ɗari da zanen, fiye da rashin surar.

Akwai wurin da ya kamata duk ɗalibin zane a Garwa ya taka da ƙafarsa. In ka ɗauki hanyar Marwa, ka wuce Figil kaɗan, za ka iso Bidzar, a ƙasar Gidar. Can akwai shimfiɗaɗɗun fararen duwatsun mabul da suka ɓullo daga ƙasa, kuma a kansu an sassaƙa zane kimanin 500. Da ƙwanƙwasa aka yi su, ɗigo bayan ɗigo, har layi ya fito. Galibinsu zobba ne: zobe shi kaɗai, zobe cikin zobe, babban zobe da ƙanana sun kewaye shi, wasu an haɗa su da layi. A 1933 wani Bafaranshe mai suna Buisson ya fara ba da labarinsu a rubuce, sannan Alain Marliac ya yi musu dogon bincike ya fitar da littafi a 1981. Masana sun ƙiyasta shekarunsu tsakanin 300 da 3000, tazarar da ita kanta ke nuna girman abin da ya ɓace mana. Ba a san waɗanda suka yi su ba, ba a san abin da suke nufi ba. A 2006 Kamaru ta sa wurin a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Amma dutsen da aka yi zanen a kansa shi ne dai dutsen da ake fasawa a yi siminti da farar ƙasa a yankin. Mukan ce abu zanen dutse ne in muna nufin ba ya goguwa. Wanda ya faɗi haka bai ga motar fasa dutse ba.

Me ya sa zobe? Me ya sa mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba, daga Bidzar zuwa Ostireliya, suke komawa kan siffofi iri ɗaya? A shekarun 1920 wani masani, Heinrich Klüver, ya lura cewa idan ƙwaƙwalwa ta rikice, da ƙwaya ko zazzaɓi ko ciwon ɓarin kai, mutane sukan ga siffofi huɗu suna maimaituwa: raga, saƙar gizo-gizo, rami mai zurfi kamar mazurari, da murɗaɗɗen layi. Kowa a nan zai iya ɗanɗana kaɗan: ka rufe ido ka danna fatarsa a hankali, za ka ga haske yana zobba. A 1988 David Lewis-Williams da Thomas Dowson na Afirka ta Kudu suka ce wataƙila irin wannan ne tushen yawancin zanen duwatsu na dā. Wasu masana sun yi musu ca, kuma suna da hujja: zobe yana iya zama bukka, ko garke, ko taswirar dangi. Ni na fi karkata ga masu taka-tsantsan. Wanda ya yini yana ƙwanƙwasa dutse a ranar Bidzar ba cikin mafarki yake ba, ya san abin da yake so ya bari.

Wannan ya kawo mu ga gishirin da na ce an zuba. Ana cewa mai ido zai karanta zuciyar mai zane daga zanensa: ja fushi ne, baƙi baƙin ciki, layi mai kaifi tashin hankali. Wannan fassarar mafarki ce irin ta ɗan littafin bakin tasha. Freud da kansa bai yarda da ita ba. Da Breton ya nemi ya sa hannu a wani kundin mafarkai da yake tarawa a 1937, ya ƙi, ya ce tarin mafarki ba tare da bayanin mai mafarkin da halin da yake ciki ba, shi bai ga abin da zai gaya masa ba. Wani likita ɗan Suwizalan kuma, Hermann Rorschach, ya juya abin ta ɗaya gefen. A 1921 ya fito da katuna 10 masu ɗauke da ɓarin tawada, yana nuna wa marasa lafiya yana tambayarsu me suka gani. Tawadar ba ta nufin komai. Wani ya ga jemage, wani ya ga mata biyu suna daka, wani ya ga jini. Abin da ke fitowa na mai kallo ne. Gazali ya kawo labarin masu zanen Rum da na Sin da suka yi gasa gaban wani sarki, aka ba kowa bango, aka sa labule a tsakani. Rumawa suka yi ta zuba launi, mutanen Sin ba su nemi fenti ba, goge nasu bangon kawai suka yi ta yi. Da aka yaye labule, duk aikin Rumawa ya bayyana a bangon Sin, har ya fi sheƙi. Shi Gazali tsarkake zuciya yake nufi. Ni na aro labarin ne don in ce zane marar sura yakan yi aikin wancan gogaggen bango: ka tsaya gabansa kana neman zuciyar mai shi, ka ci karo da taka.

Wannan ba zancen malaman jami'a kawai ba ne. Tun 2013 akwai sansanin Minawawo kusa da Mokolo, cike da waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Najeriya, da yawansu yara. Masu kula da irin waɗannan yara sukan ba su takarda da fensir mai launi, kuma dabara ce mai kyau, don yaron da ya kasa faɗa da baki yakan iya da hannu. Haɗarin yana wurin babban da zai ɗauki takardar ya yanke hukunci shi kaɗai. Yaro ya cika shafi da ja, ka ce jini ne, alhali jan fensir ne kaɗai ya rage a gwangwani. Zauna kusa da shi, ka ce ya ba ka labarin abin da ya zana. In ya yi shiru, ka bar shi, gobe ma rana ce.

Ga ɗalibanmu, musamman yanzu da Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, take da cibiyar koyar da fasahar zane, akwai mutum biyu da nake so ku nema ku sani kafin ku haddace sunayen Turawa. Na farko Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo. Ya yi karatun zane a Landan daga 1954 zuwa 1957, ya koma Khartum ya baje kolin abin da ya koyo. Mutane suka zo ranar buɗewa, suka sha lemo, suka tafi, ba su dawo ba. Maimakon ya ce jama'a jahilai ne, sai ya tambayi kansa me idonsu ya saba da shi. Ya koma kan harafin Larabci da adon allo, yana ja, yana karyawa, har harafin ya daina karantuwa, wasu siffofi suka fara leƙowa daga tsakaninsa. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kobar wata shida ba shari'a, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. A can yakan yi zane a 'yan guntayen takardar buhun siminti, in ya ji tafiyar gandiroba ya binne a rairayi. Daga nan ya samo hanyar da ya riƙe daga baya: ya fara da ɗan ƙwayar zane a tsakiya, bai san inda za ta ba, ta yi ta tsiro, in takarda ta ƙare ya jona wata. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi baje kolin aikin rayuwarsa.

Na biyu ya fi kusa da mu: Gani Odutokun, wanda aka haifa a Gana a 1946, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya har rasuwarsa a haɗarin mota a 1995. Yakan tsinka fenti ya kwarara a ƙyalle, ya bar shi ya bi inda ya ga dama, sannan ya tsaya ya duba, ya bi wani sawun, ya toshe wani. Dace da tsari, haka ake kiran hanyar tasa, kuma a ganina babu bayanin wannan sana'a da ya fi wannan gaskiya. Hannu ya kawo, ido ya tace. Wanda ya tsaya a rabin farko ɓari ya yi.

Na san akwai wanda ke zaune da tambayar halacci a ransa. Ba ni da hurumin fatawa ga malamai a zaune. Zan dai tuna mana abin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa wani mai sana'ar yin hotuna ya zo wurin Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, ya gargaɗe shi kan surar mai rai, ya ce in ba makawa ya yi bishiya da abin da ba shi da rai. Ɗalibin da iyayensa ke ɗari-ɗari da karatun zane yana da abin da zai nuna musu a nan.

Aikin da zan bar muku guda biyu ne. Ku ɗauki littafi ku je wurin kakanninku mata, da masu ƙwarya a kasuwar Pitowa ranar Lahadi, da masu ɗinkin riga da hula a unguwannin Foulbéré da Haoussaré, ku zana kowane ado da hannunku, ku rubuta sunansa da Fillanci ko Hausa ko Falanci ko Gidar, yadda mai shi ya faɗa. Roba da silba suna korar ƙwarya daga ɗakin amarya, masu sanin sunayen kuma tsufa suke yi. Na biyu, kada tsadar fentin kanti ta zaunar da ku. Ga jar ƙasa, ga gawayi, ga zuge da ƙaro na tawada, ga shuni, ga lalle, ga takardar buhun siminti. Ku yi zane da yawa, da sauri, ba tare da kun tsaya gyara ba. Ku kife su mako guda kada ku leƙa. Ranar da kuka buɗe, ku zo da abokin da ba ya jin kunyarku, ku ware 'yan kaɗan da suka tsaya da ƙafarsu, sauran a hura wuta da su.

Shugaba, na ga ana nuna mini agogo, kuma la'asar ta yi nisa. Mai tambaya ya ɗaga hannu, in da Fillanci ne ma ya yi, akwai masu fassara mini a layin gaba.